Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har firintata ta tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, an kammala buga takardun jarrabawar zangon farko na makarantun da suka ba ni amanarsu, an ƙirga, an ɗaure, an kuma miƙa wa masu su. Idanuna na yaji saboda rashin barci, amma ba zan iya kwanciya ba sai na sauke nauyin godiyar da ke wuyana. Ba sai na maimaita yadda aka yi ba, domin yawancinku kun san da jinyar Hajiyarmu a Gusau, kun san an ɗauke wuta ana tsakiyar bugu a daren da aka kira ni, kuma kun ga takardar da firintar ta fito da ita fara fat bayan na dawo Kano.

Ga masu tambayar abin da ya sami firintar, bayanin da aka yi mini shi ne, kan firinta, wato ɓangaren da ke fesa tawada a bisa takarda, yana da wurin kwanciyarsa a gefen dama, inda wata roba take rufe bakinsa don kada iska ta taɓa tawadar. Da wuta ta ɗauke, sai kan ya tsaya a tsakiya bakinsa a buɗe, ga busasshiyar iskar hunturu tana kaɗawa dare da rana. Ƙofofin da tawada take fitowa ta cikinsu ba su kai kaurin silin gashi ba, kuma na baƙar tawada kaɗai guda 180 ne a irin tawa, duk suka toshe. Irin tawa mai tanki ce, kanta a kafe yake a jikinta, ba kamar ƙananan firintocin HP da Canon masu kwalin tawada ba, waɗanda in ka sayi sabon kwali ka sayi sabon kai ke nan. Da autanmu ya je Titin Beirut ya tambayo kuɗin sabon kai, na ji abin da aka faɗa, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada yara su ga hawayena, domin tun rasuwar mahaifinsu da wannan na'ura nake ciyar da su.

Na san Baba mai gyaran rediyo na bakin masallacin layinmu ba ya son a ambace shi, kuma na san gobe zai aiko a yi mini faɗa, amma Baba ka yi haƙuri, wannan karon sai na faɗa. Babu wanda ya kira shi. Labari ya ji a wurin iyalinsa, ya yi sallama bayan la'asar da jakar kayan aikinsa, ya ce a fito masa da ita tsakar gida. Abu na farko da ya yi shi ne hana ni ci gaba da sa na'urar ta wanke kanta, domin kowane wanki yana zuƙe tawada mai yawa yana zubawa a wani soso da ke ƙarƙashinta, kuma in soson ya cika a lissafinta sai ta kulle ta ƙi aiki gaba ɗaya. Ya sa aka karanto masa littafinta, inda aka rubuta cewa in an yi wanki sau 3 ba a ga sauyi ba, a bar ta ta huta awa 12. Masu ba ni shawarar in tsokale ƙofofin da allura, ko in zuba fetur ko ruwan goge farce, na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, sai dai Baba ya ce allura za ta yaga bakin kan, sauran biyun kuma za su cinye roba da gam ɗin da ke riƙe da shi.

Da ƙafarsa ya je ya sayo tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, a kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, don gudun kada a haɗa mu da mai asid. Ya ce ruwan famfo da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda in ya bushe a cikin ƙofofin zai ƙara toshe su. Aka ɗumama ruwan kaɗan, aka ninke tishu aka jiƙa, aka zare filogi, aka turo kan a hankali ya zauna a bisa tishun, aka kuma ɗiga ruwan a robar da yake kwanciya a kai. Da safe tishun ya rine da shuɗi da ja da rawaya, amma baƙi ko alama.

Lokacin sirinji ne ba zan manta ba. Baba ya cire bututun baƙar tawada, ya lulluɓe farar waya mai faɗi da ke shiga kan da leda da salatif, ya gaya mini ƙarara cewa in ɗigo ɗaya ya taɓa wannan wurin aka kunna, kan zai ƙone, wataƙila har da allon lantarkin da ke cikin na'urar. Sannan ya miƙo mini sirinjin ya ce idanunsa sun yi rauni, ni zan danna shi zai riƙe tocila. Na danna, na ji abin ya cije, zuciyata ta ce in ƙara ƙarfi a huta. Sai ya ce, "A'a 'yata, kada ki danne. In kika matsa, bangon da ya raba launuka a ciki zai fashe, kuma wannan ba shi da gyara. Ja baya kaɗan, ki saki, mu jira." Hannuna yana rawa, ina ta hasbunallahu wa ni'imal wakil, ina tuna shugabannin makarantun da na yi wa alkawari. Muka yi ta ja muna saki, har aka kira magariba ya tafi masallaci ya dawo, ko sau ɗaya bai nuna gajiya ba. Can sai na ji sirinjin ya saki a ƙarƙashin yatsana, baƙin ruwa ya tsatso a kan tishu, da farko a gefe ɗaya, daga baya ya yi layi miƙaƙƙe. Na so in kunna nan take, Baba ya ɗauke wayar wutar ya saka a aljihunsa ya tafi da ita gida, ya ce sai komai ya bushe. Washegari da ya dawo da ita aka buga shafin gwaji, layukan suka fito da ɗan giɓi, bayan wanki da hutu suka cike. Na kawo abin da ya sawwaƙa, ya ce in mayar in saya wa marayu sabulu.

Allah ya saka maka da gidan Aljanna Baba, ya ƙara wa idanunka haske, ya jiƙan mahaifanka, ya sa 'ya'yanka da jikokinka su ji ƙanka fiye da yadda ka ji ƙaina.

Ina godiya ga Maman 'yan biyu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta kawo sabon sirinji da robar ƙarin ruwa, ta kuma kwashe yarana zuwa gidanta ta ciyar da su. Ina godiya ga Malam shugaban Islamiyyar unguwarmu, wanda yana da damar karɓe aikinsa ya kai wani wuri, amma ya aiko da rabin kuɗin tun ba a buga ko shafi ɗaya ba. Autanmu kuma, da ya kwana yana jera takardu da naɗe su a kan wutar janareton maƙwabta, Allah ya yi maka albarka ya ba ka mace tagari. Masu kira da masu addu'a daga Gusau, Zariya da Maraɗi, Allah ya biya muku bukatunku na alheri, ya yaye muku kowace damuwa.

Akwai 'yan'uwan da wannan firinta ta buga wa katin biki da takardun neman aiki ba tare da an karɓi ko sisi ba, waɗanda na zaci ko sallama za su yi a ƙofar gida, tun da an ce zumunta a ƙafa take. Na ɗauka uzuri ne ya riƙe su, Allah ya sa hakan ne.

Hajiya tana samun sauƙi, kuma zan koma wurinta bayan an yi hutu, ina roƙon ku ci gaba da sa ta a addu'a. Mun shirya da autanmu zai riƙa buga shafi ɗaya mai dukkan launuka kowane mako, ya kashe na'urar ta madanninta har kan ya koma wurinsa kafin ya zare filogi, sannan ya lulluɓe ta saboda ƙura. Masu katin sakamakon ɗalibai kuma za ku iya kawo aikinku daga ranar Asabar, in Allah ya kai mu.