Wata na tara da karta: yadda nake yi da mai saurin kai hannu

'Yan'uwa masu koyon rufa-ido da karta, wannan ne wata na tara da farawata, kuma a makonni shidan da suka wuce ban ƙara ko dabara ɗaya a kan waɗanda na iya ba. Duk lokacin da na samu na ba shi ga wani al'amari da ban taɓa zaton zai ci mini rai haka ba, wato mai kallon da zumuɗi ya yi masa yawa, wanda ba ya iya barin hannunsa a cinya.

Abin ya faro ne a majalisar shayinmu ta Aboabo a nan Kumasi, wani dare bayan sallar isha'i. Ina nuna musu wasan katin da ake cusawa tsakiya ya dawo sama, wanda ginshiƙinsa shi ne ɗaga kati biyu a haɗe kamar guda ɗaya ne. Na shafe kusan wata uku ina wannan ɗagawar gaban madubi, har gefen katunan ya daina nuna rabuwa. Da na juya biyun, fuskar bakwai ja ta bayyana, sai ƙanen wani abokina, saurayi mai kaifin ido, ya miƙo hannu ya cafke su yana cewa, "Yaya, bari in gani da kaina." Katunan suka rabu a tsakanin yatsunsa, ɗaya ya faɗi kusa da kurfoti, murhun gawayin shayi. Aka yi dariya, shi kuma yaron ya ji kunya fiye da ni, domin ba da mugun nufi ya yi ba. Har yanzu ina tuna yadda ya sunkuya ya ɗauko katin, ya goge masa toka a rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da na koma gida na bi abin daki-daki, sai na ga yawancin laifin daga wajena yake. Kafin in fara na ce musu ba wanda zai iya gano wannan, kuma duk wanda ya faɗi haka a gaban samari ya kira su kokawa ne da bakinsa. Bayan haka na zauna a tsakiyar benci, gwiwata na gogar gwiwarsa, na kuma tsaya da katunan biyu a miƙe wajen kirjinsa ina jiran a yaba. Wanda aka miƙo wa abu kusa haka, karɓa zai yi, domin haka aka tarbiyyantar da mu. Tun daga ranar na daina kallon irinsa a matsayin mai neman tona mini asiri. Shi ne ma ya fi kowa shiga wasan, sai dai ba a ba hannunsa aikin yi ba, don haka ya nemo wa kansa.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da unguwanninmu na zongo, wanda ya kamata mai koyo ya riƙe. Mutane da yawa a nan sun saba da wasan kartar da ake kira spa, sun san nauyin karta a hannu, sun kuma san yadda mai maguɗi yake yi, saboda haka idonsu a kan yatsu yake tun kafin a fara. Wasu kuma karta ba ta tuna musu komai sai caca, wasu na zargin akwai sihiri a ciki. Wani dattijo ya taɓa kama hannun rigata yana lalube, na tabbata laya yake nema. Yanzu kafin in fito da kwalin, nakan faɗa a fili cewa ba kuɗi a wasan nan, ba aljani, ba asiri, aikin yatsa ne da lissafi wanda kowa zai iya koya idan ya yi haƙuri. Nakan sa riga mai gajeren hannu, in cire zobe da agogo in ajiye a gabansu. Na lura wannan kaɗai yana rage rabin laluben.

Babban gyaran da na yi shi ne ba mai zumuɗi aiki tun da fari, lokacin da babu abin da zai ɓata. Ina zama nake gane shi: shi ne ke matso da kujera, shi ne ke tambaya kafin a buɗe kwali. Sai in miƙa masa kartar gaba ɗaya in ce, "Malam, kai za ka cakuɗa mana, ka yi har sai ranka ya kwanta." Idan ya yi sau biyu ya tsaya, nakan ce ya ƙara, in gaya masa cewa a shekarar 1992 wasu masana lissafi biyu a Amurka, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna cewa kati 52 na bukatar kimanin cakuɗawa bakwai, irin wadda ake raba karta biyu a saƙa ta cikin juna, kafin ta gauraya sosai. Shi Diaconis ɗin ma ɗan rufa-ido ne tun yana yaro, kafin ya zama farfesa a jami'ar Stanford. Wannan bayani yana sa mutumin ya ji an ɗauke shi da muhimmanci, kuma wanda ya cakuɗa sau bakwai da hannunsa ba kasafai yake neman ƙwace kartar a tsakiyar wasa ba.

Karɓar kartar daga hannunsa ta koya mini wani abu da ban gani a wajen masu koyarwa na ƙasashen waje ba. Su kan riƙe karta a hagu, su miƙa ko su karɓa da duk hannun da ya fi kusa. A nan kuwa, Bahaushe ne a gabanka ko Ba'asante, miƙa abu da hagu rashin ladabi ne. Dole in karɓa da dama sannan in mayar hagu, kuma da farko na ɗauki wannan a matsayin ƙarin wahala. Daga baya na gane cewa a cikin wannan mayarwar, yayin da nake daidaita gefen katunan, katin ƙasa yana wucewa ta gaban idona ba tare da na sunkuyar da kai ba. Shi ke zama mini shaida: idan aka mayar da katin da aka zaɓa a sama aka yanka, shaidata ce ke hawa kansa. Motsin kuwa ba wanda ke tuhumarsa, tunda ladabi ne kowa ya san shi.

Ga wanda ya dage sai ya cakuɗa a tsakiyar wasa, na koma ga ƙa'idar da Norman Gilbreath ya bayyana a 1958, kuma ina ba kowane mai koyo shawarar ya zauna da ita. Ana jera kartar tun a gida, ja, baƙi, ja, baƙi, har ƙarshe. Mai kallo zai iya yanka ta sau nawa ya ga dama, muddin yanka ce ta ɗauke sama a mayar ƙasa. Sai ya zuba kusan rabi a tebur ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa wannan tarin da sauran da ke hannunsa ta hanyar saƙa su cikin juna sau ɗaya tak. Komai rashin tsarin saƙawar, idan aka riƙa ɗauko biyu-biyu daga sama, kowane biyu za a tarar da ja ɗaya da baƙi ɗaya, har sau 26. Matsalar da na ci karo da ita ita ce yawancin mutanenmu ba saƙawa suke yi ba, zubo katunan suke yi daga hannu zuwa hannu gungu-gungu, wannan kuwa yana iya rushe jerin. Maganin da na samu shi ne in ɗan baje tarin biyu a kan ƙyalle, gefe da gefe, in ce ya tura su cikin juna da tafin hannunsa. Karo na farko da na gwada a gaban jama'a ya lalace, domin mutumin yana gama turawa ya ɗauka ya ƙara cakuɗawa don ya tabbatar. Yanzu tun katunan ba su gama shiga juna ba nake ba shi umarni na gaba, in ce ya danne su da hannu kada in taɓa. Idan aka bar shiru ko na daƙiƙa biyu ne a wannan gaɓar, zai cike shi da abin da ba a so.

Wannan dannewar ta zama babban makamina a sauran wasanni ma. Yaron nan da ya cafke mini kati, bayan mako uku na sake zama da shi, na sa shi a damana. Da na juya biyun aka ga fuskar, ban tsaya ba ko kaɗan, na kife su a kan kartar, na zare na saman shi kaɗai na ce, "Ƙanena, buɗe tafinka. Rufe da ɗayan. Ka matse shi sosai, kada ka bari ko ni in kusance shi." Hannayensa biyu suka shiga aiki, ya zama mai gadi, har yana ture hannun wani da ya so leƙawa. Dole a ce masa ya matse, domin idan aka ce ya riƙe kawai, zai juya ya duba. Da ya buɗe ya ga katin ya canza a cikin hannunsa, ya miƙe tsaye yana salati.

Sai kuma maganar "sake yi mu gani", wadda ba na jin akwai wanda ya tsira daga gare ta. A karo na biyu mai kallo ya riga ya san ƙarshen, don haka hankalinsa gaba ɗaya yana kan hanya. Masu wannan sana'a na yawan ba da labarin gwanin rufa-ido da karta Dai Vernon, wanda aka haifa a Ottawa ta Kanada a 1894 ya rasu a 1992, yadda ya yi ta maimaita wa shahararren ɗan rufa-ido Harry Houdini wasan katin da ke dawowa sama, alhali Houdini na alfaharin cewa duk wasan da ya gani sau uku zai gane shi, amma bai gane ba. Ina jin daɗin labarin, sai dai wanda ke wata na tara ba Vernon ba ne, kuma bai kamata ya gwada kansa da shi ba. Abin da nake yi shi ne in amsa da "to", domin ƙi kai tsaye yana kama da tsoro, sannan in yi wasan da farkonsa ya yi kama da na baya amma hanyarsa da ƙarshensa daban. Wannan ya tilasta mini in haɗa wasannina biyu-biyu, kowanne da ɗan'uwansa da zai fito idan an nemi maimaici.

Wurin da har yanzu nake fama shi ne manya. Saurayi za a iya ce masa cikin raha ya dakata, amma idan Alhaji sa'an mahaifinka ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan, yaro," babu wata dabarar baki da za ta yi aiki, kuma ni ban yarda a yi wa babba wayon magana a gaban yara ba. A wani zaman suna a Asawase hakan ta faru ina tsaka da riƙe gurbin katin da aka zaɓa da ƙaramin yatsana. Na saki gurbin, na mayar da kartar dama, na rusuna na miƙa masa na ce, "Bismillah, Baba." Ya juya ta, ya duba bayanta, ya cakuɗa, ya dawo mini da ita. Katin ya ɓace mini ke nan. Na gaya wa jama'a gaskiya cewa Baba ya gauraya ta yadda ba zan iya kamo wancan ba, na roƙe shi ya zaɓi sabo da hannunsa, muka yi wasan shaida da shi. Ya yi murmushi a ƙarshe ya sa mini albarka. Abin da na ɗauka daga nan na aiki ne: kada in shiga wasan da ke bukatar dogon riƙo idan akwai babba a kusa da bai riga ya taɓa kartar ba.

Yara kuwa matsalarsu tsawo ce. Suna zaune a tabarma, idonsu na ƙarƙashin hannuna, suna ganin abin da na tsaye ba ya gani, kuma ba sa ɓoye abin da suka gani. Nakan sauko in zauna a ƙasa tare da su, in jingina da bango don kada kowa ya tsaya a bayana da waya yana ɗauka. Ƙaramin baƙin ƙyallen da nake shimfiɗawa ya zama iyaka ba tare da na ce komai ba. Mutane na jin nauyin tsallaka shi kamar yadda suke jin nauyin taka tabarmar wani da takalmi.

Barin kowa ya taɓa karta yana da tsadarsa. Da damina iskar Kumasi kaɗai ta isa ta sa katin takarda ya kumbura ya riƙa mannewa, balle an haɗa da hannun da ya gama cin tsire. Kwalin karta samfurin Bicycle da na fi so ba ya daɗewa a majalisa. Don haka na ware tsohuwar karta don fita, sabuwa kuma don atisaye a ɗaki, ko da yake hakan na nufin yatsuna na sabawa da santsin da ba za su samu a waje ba. A wata mai zuwa zan juya tsarin, in riƙa atisayen ɗaga biyu da tsohuwar, minti 20 kowace safiya, ina zaune a ƙasa jingine da bango, ƙanena kuma na ba shi izini ya kai hannu duk lokacin da ya ga dama.