Ba kowane macijin da ya yi lamo ne mai sanyin hali ba

Ƙannena, cikin wata guda samari uku suka same ni da tambaya iri ɗaya: wane maciji ne ya fi sauƙin kiwo ga wanda bai taɓa yi ba? Duk sun ga Turawa a TikTok suna rataya maciji a wuya, abin ya shiga ransu. Ban ga laifinsu ba, don ni ma tun ina ɗan lakwal in gardi ya buɗe ƙwaryarsa a bakin kasuwa, ni ne a sahun gaba. Amma da na tashi shiga harkar, da ido na yi zaɓe, kuma dabbobi biyu suka sha wahala a hannuna kafin in gane. Har yau abin yana damuna.

Ta farko na saye ta da sanyin safiya cikin watan Janairu, hazo ya rufe Yamai. Wani mutum ya kwance bakin buhu ya ɗora mini ƴar mesa a tafin hannu, tsawonta bai wuce santimita 60 ba. Ta kwanta lamo, ko harshe da ƙyar take fitarwa. Ya ce, "Ka gani, ƙanena? Wannan mage ce, ba ta san cizo ba." Na ƙirga jikka 15 na ba shi, ban tambayi irinta ba, ban tambayi yaushe ta ci abinci ba.

Abin da ban sani ba, maciji ba shi da ɗumin jiki na kansa, daga waje yake aro. In sanyi ya kama shi, ko mafi zafin rai sai ya zama kamar igiya. Da ta kwana biyar a ɗaki mai ɗumi, na sa hannu cikin akwati, kafin in ƙifta ido ta cafke mini babban yatsa. Mesa ba ta da dafi, amma haƙoranta ƙanana ne masu tsini, sun lanƙwasa zuwa ciki kamar ƙugiya. Na fizge hannu don tsoro, sai fata ta tsage, jini yana tsattsafowa daga ƴan ramuka jeri-jeri. Daga baya na koyi cewa fizgewar tana iya karya mata haƙori har bakinta ya yi gyambo.

Mesar dajinmu ce, wadda masana ke kira Python sebae, macijin da ya fi kowane girma a Afirka. Mita 3 zuwa 4 ba abin mamaki ba ne a wurinta, wasu suna haura 5, kuma yawancinsu ba sa son hannu. Cikin shekara ɗaya da rabi na canza mata akwati sau uku, ta bar ɓera ta koma kan kaza. Ranar da Hajiyarmu ta leƙa ta ga kaurinta, ta zaunar da ni ta ce, "Akwai jikokina a gidan nan. Ko kai ko ita." Gaskiya ta faɗa. Na miƙa ta ga ma'aikatan gandun daji, a nan kuma aka fahimtar da ni cewa tsare namun daji a gida yana ƙarƙashin dokar farauta da kare namun daji mai lamba 98-07 ta shekarar 1998. Ku fara da ofishinsu, ku ji irin takardar da ake buƙata kafin ku fitar da ko dala.

In da zan koma baya, da ƴar ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa zan fara, wadda masu Faransanci ke ce wa python royal, a kimiyyance Python regius. Ƴar Afirka ta Yamma ce da ta Tsakiya, kuma daga Gana, Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Ita ce ake girmamawa a ɗakin mesa na garin Wida a Benin, inda baƙi ke ɗaukarta a hannu. Girmanta yakan tsaya tsakanin mita 1 da mita 1 da rabi. Abin da ya sa na fifita ta shi ne yadda take yi in ta tsorata: maimakon ta kai sara, sai ta cusa kanta tsakiyar jikinta ta dunƙule kamar ƙwallo. Wannan hali a jininta yake. Ba wanda ya koya mata, kuma ba wanda zai iya koya wa babbar mesa shi, ko da zai shekara goma yana shafa ta.

Rarrabe su ba wuya in ka natsu. Mai dunƙulewa gajera ce mai kauri, wuyanta siriri, jikinta baƙi-baƙi da manyan zane masu zagaye ruwan ƙasa ko ruwan zuma. Jaririyar babbar mesa ta fi tsawo da sirantaka, kuma akwai tambari mai duhu kamar kan mashi a bisa kanta. Ka je duba maciji da rana ta ɗaga, jikinsa ya yi ɗumi, a nan ne halinsa na gaskiya ke fitowa. Mai lafiya yana da ƙarfi a hannu, harshensa ba ya hutawa. Wanda ya saki jiki kamar tsumma, ciwo ne ko yunwa ko sanyi.

Sai dai ita ma tana da nata. Takan rayu shekara 20 zuwa 30, wato yaron da ya saye ta yana ɗan 18 zai yi aure ya haihu tana nan. Sannan ta shahara da ƙin cin abinci, wani lokaci watanni. A nan na yi kuskurena na biyu. Wadda na samu kamun daji ce babba, har da kaska maƙale tsakanin ɓawon jikinta. Don murna kullum sai na ciro ta na nuna wa abokai, ita kuwa tana ƙara firgita. Wata huɗu ba ta ci komai ba. Da na ƙosa, na jefa mata ɓera mai rai na kwanta barci. Da safe na tarar ɓeran ya gaigaye mata baya wuri biyu, naman ja yana waje, ita kuma tana dunƙule a lungu ba ta ko kare kanta ba. Likitan bisashe ya wanke ciwon ya ce mini, "Malam, ba a barin ɓera mai rai ya kwana da maciji." Ta warke, amma tabon yana nan.

Don haka ku nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, ƙarama, kuma ku ce a ba ta abinci a gabanku kafin ciniki. Ku tanadi abincin tun kafin ta iso: fararen ɓeraye na kiwo, a kashe kafin a ba ta, kaurin ɓeran daidai da wurin da jikinta ya fi kauri. Ƙarama duk mako, babba duk mako biyu. Ɓeran gida ko na rumbu kada ku kusance shi, yana iya zama ya ci guba, kuma irin ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lasa yana cikinsu.

Abin da bidiyon Turawa ba zai gaya muku ba shi ne yanayin Yamai. Su fitila suke kunna wa maciji don ya ji ɗumi, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ita kuma abin da take so gefe ɗaya na akwati ya kai kamar 31, ɗayan ya tsaya wajen 26. Akwatin gilashi kusa da taga ko ƙarƙashin kwano kabari ne. Ni a ɗakin da ya fi sanyi nake ajiye tawa, a ƙasa, da tsohon tulu da na fasa wa ƙofa nake yayyafa wa ruwa, tana shiga ta kwanta kamar a ramin gara. Ku sayi ma'aunin zafi, kada ku dogara da tafin hannu. Da hunturu kuma bushewar iska ce matsala: saɓar ba ta fita gaba ɗaya, takan maƙale a ido da bakin wutsiya. Kwano mai faɗi da ruwa da ɗan tsumma mai laima a maɓoyarta suna maganin wannan.

Akwai macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, mai sanyin hali, ba ya wasa da abinci. Samunsa a nan da wuya, bai kai mesar jure zafi ba, kuma gwani ne wajen sulalewa ta ƙaramar kafa. Akwai kuma ƙananan macizai marasa dafi a ƙasarmu, amma ba zan ce wa sabon shiga ya ɗauko komai daga daji ba. Wani mai kaurin nan da ke nutsewa cikin rairayi ana rikita shi da kububuwa. Akwai wani ɗan baƙi mai sheƙi, shi kam mai dafi ne, da ke sara ta gefen baki ko ka riƙe shi ta wuya. Kumurci da kasa kuwa, ko an ce maka an cire haƙoran dafin, wasu suna sake fitowa.

Ka yi magana da mutanen gida tun da wuri, mu da ko sunan maciji ba ma son kira da dare, sai mu ce igiyar ƙasa. Ka kuma tambayi malaminka, don malamai da yawa ba su yarda da ajiye shi ba, kuma gara ka ji kafin ka saya. In duk an amince mai dunƙulewar ta iso, ka sa ta a akwati mai marfi da sakata, maɓoya biyu da ruwa, ka bar ta mako biyu ba ɗauka ba nuna wa kowa. Sai ta ci sau biyu ko uku a jere sannan ka fara ɗaukarta, minti biyar, daga ƙarƙashin ciki ba daga bisa kai ba. Ba a taɓa ta kwana biyu bayan ta ci, ko in idonta ya yi fari tana shirin saɓa. Kowane lokaci kuma ka wanke hannu da sabulu, don jikin maciji yakan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa zawo, musamman ga yara ƙanana.