Yoyon bangon ruwana, ga inda aka kwana bayan sati bakwai

'Yan uwa masu koyon aikin gini, bari in ba ku labarin inda na tsaya da bangon nan. Wanda na ɗora a gefen kwamin ninkaya na bayan gida nake nufi, tsayinsa santimita 90 daga saman ruwa, tsawo mita 3, da bulo mai rami na gina shi, na yi filasta na manna tayil a fuska, a can sama kuma na binne akwatin robar nan mai faffaɗan baki wanda ruwa ke fitowa ta cikinsa ya zubo kamar labule. Ranar da na fara kunnawa wallahi abun ya yi kyau. Kwana huɗu tsakani sai ga bayan bangon ya yi duhu daga ƙasa, gindinsa kullum a jiƙe, ruwan kwamin kuma sai raguwa yake.

Sati uku na farko duk a bayan bangon na ƙarar da su, kuma nan ne nake so ku kula sosai don ku tsallake. Inda na ga ruwa na tsattsafowa nan na bi. Na fara da gam ɗin silikon, bai ma kama ba tunda wurin a jiƙe yake, washegari na ja shi ya biyo hannuna kamar igiya. Na sake filasta da siminti mai garin hana ruwa, nason ya matsa gefe kamar taki ɗaya ya ci gaba da abinsa. Na shafa fentin roba, kwana biyu ya yi bororo, na huda ɗaya da ƙusa ruwa ya ziraro. Dalili kuwa a fili yake, ruwan daga cikin bangon yake turowa, duk abun da ka shafa ta waje tura shi zai yi har ya ɓamɓare. Kuma bulo mai rami kamar bututu ne a tsaye, ruwa zai shiga ta sama a gefen dama ya gangara ya bi layin siminti ya fito ta ƙasa a gefen hagu, to kai kuma kana can kana fama da hagu. Farin abun nan mai kamar kanwa da ke fitowa a layukan tayil shi ma shaida ce, sinadarin farar ƙasar da ke cikin siminti ne ruwa ke narkarwa ya fito da shi, in ya haɗu da iska ya daskare. Goge shi ba ya maganin komai, ruwa na wucewa ta cikin bangon ne shi ya sa kake ganinsa.

Sai da na ajiye cokalin gini na ɗauko bokiti sannan aka fara samun haske. Gwajin ba wuya, ka cika bokiti da ruwan kwamin ka ajiye a kan matakala yadda ruwan cikinsa da na waje za su zo kusan daidai, ka sa alama da salatif ciki da waje, ka bar shi awa 24. Abun da rana da iska suka sha a bokiti shi suka sha a kwami, in na kwami ya fi sauka to bambancin yoyo ne. Ni sau uku na yi. Ranar farko injin da ke tura ruwan a kashe, bokiti ya sauka milimita 4 kwami ma 4. Rana ta biyu inji na aiki amma na rufe bawul ɗin da ke kai ruwa bango, nan ma babu wani bambanci. Rana ta uku na buɗe bawul ɗin bangon, bokiti 4, kwami 15. Lissafin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, kwamina mita 8 ne da 4, murabba'i 32 ke nan, to milimita 11 sau 32 ya ba ni lita 352 a yini ɗaya. Na san ruwa mai zubowa yana ƙara ƙafewa kuma iska na kwasar feshi, amma ba har haka ba, balle ga ƙasa a jiƙe a baya. Aƙalla dai na huta da zargin jikin kwamin da filta da sauran bututai, matsala tana bango kuma sai yana aiki take tashi.

Daga nan na zargi bututun roba na PVC da ya hau cikin bangon, don akwai gwiwa biyu a ciki da na haɗa da gam kuma ina tuna ɗaya ban riƙe ta sosai ba. Na ɗaga duwatsun da na rufe saman bangon da su, na yanke bututun dab da akwatin na toshe, na ɗaura gejin auna matsin ruwa ta wajen inji na matsa ruwa har allurarsa ta kai psi 15 (psi shi ne ma'aunin matsin). Don Allah da ruwa za ku yi wannan gwajin ba da iska ba, PVC in ya fashe da matsattsiyar iska tarwatsewa yake yi kamar kwalba. Minti 30 ina zaune gaban gejin allurar ko motsi ba ta yi ba. Bututu lafiya lau.

To ɗaga murfin nan da na yi shi ya tona asiri. Na mayar da haɗin na kunna ruwa kaɗan, na durƙusa da tocila ina leƙen ƙarƙashin leɓen akwatin, na zuƙo jan kala irin ta abinci a sirinji na ɗiga a bakin leɓen. Ina kallo yawancin jan ya bi labulen ya faɗa kwami, amma wani siriri kamar zare ya lanƙwasa ya manne a ƙasan robar ya koma baya a hankali, ya kai inda roba ta haɗu da siminti ya shige wata 'yar kafa da ko farce da ƙyar zai shiga, ya ɓace. Minti kamar ashirin na zagaya baya, ga ja-ja a gindin bangon, nesa da wurin da ya shiga da fiye da mita ɗaya.

Laifi uku ne suka haɗu a wurin. Lokacin da na zaunar da akwatin ban lissafa kaurin tayil da simintin manna shi ba, sai leɓen ya leƙo da santimita 1 kacal, alhali ana so ya wuce fuskar bango da kamar santimita 2 da rabi ko fiye. Na biyu da na ɗora ma'aunin magina mai ƙwayar iska sai na ga akwatin ya ɗan kwanta baya. Na uku kuma roba da siminti ba sa kama juna, siminti na bushewa yana ɗan tsukewa, roba kuma zafi da sanyi na motsa ta, dole kafa ta buɗe in ba a sa wani abu mai laushi a tsakani ba. Wani abu da ban taɓa kawowa a rai ba, ni da dare nakan rage bawul saboda ƙarar ruwan, ashe lokacin ne yoyon ya fi yawa, ruwa mai ƙarfi yana tsallake leɓe ya faɗa gaba, mara ƙarfi shi ke lallaɓawa ya manne ya koma baya.

Gyaran ya ci kwana tara, yawanci jira ne. Na ɓamɓare layin tayil na sama, na ciro akwatin, na cusa raga a ramukan bulon layin ƙarshe na cika su da kankare don kar a sake samun hanyar gangarawa. Na yi sabon mazauni mai ɗan gangare zuwa gaba, da ya bushe na shafa maganin hana ruwan nan mai haɗi biyu, gari da ruwa mai kamar madara, shafi biyu, na farko a kwance na biyu a tsaye bayan na farko ya sha iska, na lanƙwaso shi har kan fuskar bangon. Kar ku yarda wani ya ce muku tayil da simintin cike layi sun isa su tare ruwa, ado ne kawai, abun da ke ƙarƙashinsu shi ke aikin. Akwatin na fito da shi santimita 3, na auna shi hagu da dama har sau nawa don in ya karkace labulen rabewa yake yi, sannan na cike ƙarƙashin leɓen da gam ɗin nan mai laushi na foliyuretan bayan wurin ya bushe ƙarau.

Na sake gwajin bokiti ina ta murna, kwami 8 bokiti 4. An samu sauƙi amma kusurwar hagu ta baya ba ta daina naso ba, gaskiya ranar raina ya ɓaci sosai. Na bi bakin ruwan kwamin kaf da sirinji inji a kashe, kalar sai ta tsaya tana yawo ba inda ya ja ta. Sai da na zauna na tuna yadda na yi ginin, bangon ai daga baya na ɗora shi a kan tsohon kankaren bakin kwamin, kuma sabon siminti a kan tsoho ba ya zama abu ɗaya, mahaɗar nan tana nan kamar yatsa biyu sama da ruwa. In inji a kashe ruwa bai kai ta ba, shi ya sa gwajin farko bai nuna komai ba, in labule na zuba kuma igiyar ruwa da feshi suna dukanta ba tsayawa. Na ƙara ruwa santimita 4 har ya rufe ta, na jira ya kwanta lum, na matsa kala a hankali dab da kusurwar, sai ga ta tana shigewa kamar ana zuƙa da tsinken shan ruwa.

Na sauke ruwan santimita 15, na cire tayil huɗu, na buɗe mahaɗar da giranda, injin yankan kankare, da cizal, ƙarfen sassaƙa, kamar santimita 2 faɗi da zurfi, cikin ya ɗan fi bakin faɗi don abun da za a cusa ya samu wurin riƙewa, in ka yi mai bakin mazurari fitowa zai yi. Simintin toshe yoyo na sa, mai kamawa cikin minti 3 zuwa 5, kwaɓa kaɗan kaɗan za ku yi kuma da safar hannu, za ka ji yana ɗumi a tafinka to lokacin dannawa ya yi, kwaɓin farko a roba ya daskare mini kafin in kai shi bango. A kansa na bi da maganin mai haɗi biyu da ƙyallen raga a tsakanin shafi na farko da na biyu, tsawon mahaɗar gaba ɗaya ba kusurwar kaɗai ba. A baya kuma na kankare fentin nan duka, na huda ƙananan ramuka uku a layin bulo na ƙasa, ruwan da ya fito daga na tsakiya ya kusa cika kofi biyu.

Yau kwana uku da sake kunnawa, kwami 5 bokiti 4, kuma milimita ɗayan nan ina ganin feshi ne da ƙarin ƙafewa. Bayan bangon har yanzu da sauran duhu don bulo ya sha ruwa ya ƙoshi, na zagaye tabon da alli kullum da safe ina dubawa, jiya ya ja baya da kamar yatsa uku daga layin. Tayil huɗun nan ban mayar ba tukuna, sai na yi dare biyu da bawul a rage na ga abun da bokiti zai nuna.