Takardar gwaji a WhatsApp

A Kaduna yanzu ganin likita ta waya ya zama ruwan dare: ka ɗauki hoton takardar gwaji, ka tura ta WhatsApp, a rubuto maka magani. Sauƙi kam akwai. Amma dubi saman takardar nan: cikakken suna, shekaru, lambar katin asibiti, a ƙasa kuma sakamakon ciwon hanta ko na ƙanjamau.

Saƙon a kulle yake tafiya, matsalar tana inda ya sauka. WhatsApp kan ajiye hoton da kansa cikin hotunan wayar da ya sauka, Google Photos, manhajar adana hotuna a intanet, ya kwashe idan a kunne yake. Yaro ya ari wayar, ko ta faɗi a kai wa mai gyara, shi ke nan.

Kafin ka tura, rufe suna da lambar kati, ka bar shekaru da kwanan wata, likita na buƙatarsu.

Ma'aikatan lafiya kuwa, jefa takardar majinyaci zauren WhatsApp na abokan aiki da sunansa ganganci ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana sirrinsa sai a wasu yanayi, kamar da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in lafiyar jama'a na cikin haɗari.

Sannan don Allah a daina amsa kiran likita a sifika cikin Keke Napep.