Abin da na koya wajen masu aiki da wuta

Shagonmu yana Jos, kuma kayan da muke yi ba su da yawan iri: tebura masu ƙafafun ƙarfe da aka ƙera da masaba, benci da kujerun falo da aka babbake fuskarsu, gindin fitila na yumɓu, da manyan tukwanen ado irin waɗanda ake ajiyewa a ƙofar otal. Katako daga Kasuwar Katako muke ɗaukowa, ƙarfe kuwa muna tsinto shi wajen 'yan gwangwan da masu kayan mota a Dilimi. Mafi yawan masu saye mutanen Abuja ne, daga Maitama, Asokoro, Wuse da Gwarimpa. Kowane ɗaya daga kayan nan sai ya ratsa wuta kafin ya zama abin sayarwa. Ni da takardar zane na shigo sana'ar, na iya awo, na iya fitar da siffa a kwamfuta. Karatun wuta kuwa, a hannun mutanen da ba su taɓa riƙe ma'aunin zafi ba na same shi.

Na farkonsu dattijon maƙeri ne da kowa a shagon ke kira Baba. Maƙerarsa tana lungu mafi duhu, kuma bai yarda a fasa masa taga a wurin ba. Dalilinsa launi ne. A cikin hasken rana, ƙarfen da ya yi zafin da zai huda tafin hannu yana iya zama baƙi a ido. A duhu ne ake ganin sa yana hawa daki-daki: ja mai dishi-dishi da farko, sannan ja wur idan ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, sai ruwan lemo a wajen 1000, sai rawaya. Daga rawaya idan ya doshi fari ya fara tartsatsi, to ya ƙone, ya zama asara. Idan na tsaya ina tambayar minti nawa za a bar shi a wuta, sai ya ce, "Ɗana, bar agogo, dubi ƙarfen." Gawayin ƙirya yake so, domin yana da nauyi, yana riƙe zafi, tokarsa kaɗan ce, amma yanzu sai an yi da gaske ake samun sa.

A wurinsa na gane bambancin ƙira da walda. Mai walda yana yanka ƙarfe ya haɗa shi. Maƙeri yana tura naman ƙarfen ne daga wuri zuwa wuri, har ƙafar tebur ta taso da kauri a sama ta sauko tana sirancewa ba tare da an yanke ko'ina ba. Ba raina walda nake yi ba, da ita muke haɗa firam ɗin da ke ƙarƙashin tebur. Abin da ba na so shi ne a ɗauki rodi mai sanyi a ƙwanƙwashe shi da injin gurza don ya yi kama da sawun masaba, a sayar da sunan ƙira. Wannan ha'inci ne, kuma hannun mai saye yana ganewa idan ya shafa.

Kowa ya san da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rabin aikin yana wajen hucewa. Sifirin ɗin mota da muke saye a Dilimi ƙarfe ne mai sinadarin kabon da yawa. Idan aka tsoma shi a ruwa yana ja, zai yi tauri sosai amma ya yi gautsi, wata rana a ɗora nauyi ya karye ƙwas. Don haka Baba yana binne ƙafafun tebur a cikin toka su kwana suna hucewa a hankali. Washegari a ɗumama su kaɗan, a shafa kakin zuma, ya narke ya shige, ƙarfen ya yi baƙi mai sheƙi wanda ke tsare shi daga tsatsa muddin a ɗaki yake.

Babbake katako shi ne abin da 'yan Abuja suka fi tambaya, domin sun gani a intanet. A Japan an daɗe ana ƙona fuskar allunan wani itace mai suna sugi kafin a yi bangon gida da su, saboda gawayin da ke sama yana rage cin ƙwari da ruɓewa. Mu ma ba baƙin abin ba ne: masu zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi suke fitar da ado, kuma manomi yana ƙona gindin dirka kafin ya kafa ta. A shago da wutar gas muke yi. A bi fuskar allon har ta yi baƙi ta fara tsattsagewa, a goge da buroshin waya, wurare masu taushi su zube, jijiyoyin itacen su taso, sannan a shafa mai. Sharaɗin farko shi ne katakon ya bushe. Na biyu, a ƙona gaba da baya, in ba haka ba allon zai lanƙwashe ya yi ƙwarya. Na uku ya shafi tafiyar kayan. Katakon da ya sha hunturun Jos ya tsuke, idan ya isa Abuja da damina zai sha laima ya buɗe, kuma ta faɗi yake buɗewa, ba ta tsawo ba. Ƙarfe ba ya bin sa. Shi ya sa ramukan noti da ke jikin firam muke yin su dogaye, don allon ya samu wurin motsi kada ya tsage.

Akwai katakon da ba na yarda a sa wa wuta ko nawa za a biya. Madobiya ce ta farko. Launinta na asali ya fi duk abin da wuta za ta ba ta, ga shi an sare ta an yi waje da ita har ta yi ƙaranci, abin da ya sa tun 2017 cinikinta tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin takunkumin yarjejeniyar kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa. Malaina kuwa fara ce, ba ta da wani ado nata, tana da araha, kuma wuta tana ɗaga darajarta.

Yumɓu ya fi su duka wuyar sha'ani, kuma a nan mata ne malamaina. Tukwanen da muke sayarwa mata magina ne ke gina su da hannu, mu dai siffa da girma muke kai musu. Tukunya danya tana ɗauke da ruwa ko da ta bushe a ido, kuma idan aka gaggauta mata wuta ruwan zai zama tururi ya fasa ta, ta fasa na kusa da ita. Shi ya sa suke fara gasa ta da 'yar wuta a ciki kafin a jera a lulluɓe da itace da ciyawa. Daga baya na karanta cewa a digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suna kumbura farat ɗaya, kuma suna sake tsukewa a daidai wurin idan zafi na sauka. Matan nan ba su san lambar ba, amma sun san maganinta: suna cuɗa yumɓun da dakakken tsingaro don ya jure, kuma sun san lokacin da ba a taɓa tukunya. Idan ana son baƙa, sai a turbuɗe ta da ƙaiƙayi ko garin katako tana da zafi, iska ta yanke, hayaƙi ya shiga jikinta. Idan ana son ta yi duhu mai ƙyalli, a yayyafa mata ruwan makuba na ɓawon ɗorawa.

Wannan ilimi ya daɗe a ƙasar nan. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 a ƙarƙashin Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg, zai ga kawunan Nok na gasasshen yumɓu da suka haura shekara dubu biyu, irin waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Kusa da zamaninmu kuma an yi maginiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu yadda Gwarawa ke yi, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada, amma aka riƙa gasa su a murhu mai zafin da ya wuce digiri 1200, da ruwan gilashi a jikinsu. Ina yawan tunani a kan abin da hakan ya jawo. Tulun gida yana sanyaya ruwa ne domin yana tsatsafa. Da aka toshe shi da gilashi ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa, ya koma abin kallo, har aka kai shi baje koli a Landan. An samu wani abu, an kuma rasa wani. Duk lokacin da na zana tukunyar ado sai na tambayi kaina ko za ta iya wani aiki ban da tsayuwa a kusurwa, kuma sau da yawa mukan bar cikinta ba tare da an toshe ba, don a iya dasa fure a ciki ya yi numfashi.

Wuta tana da haɗarin da ba a gani. Bututun ruwa mai rufin tutiya idan aka sa shi a maƙera yana fitar da farin hayaƙi mai jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Tsohon katako mai fenti ko wanda aka jiƙa da maganin gara ba a babbake shi. Da sanyin Disamba yara sukan so rufe ƙofa gawayi na ci, alhali hayaƙinsa marar wari yana kisa. Waɗannan dokoki uku ba a sassauta su a shagonmu.

Sai ciniki. Wata Hajiya ta taɓa neman kujeru shida iri ɗaya sak, har da tabon wuta a wuri ɗaya. Na ce, "Ranki ya daɗe, tsawo da faɗi za su zo ɗaya, amma tabon kowace kujera nata ne." Wasu suna karɓar wannan bayani, wasu su tafi wajen kayan kamfani, kuma ba laifi. Abin da ke ci mini rai shi ne dillalin da zai ce kada a ambaci Jos, domin idan aka ce daga Turkiyya ko Italiya kayan suka zo kuɗinsu ya fi. Ba ma yin haka. A ƙarƙashin kowane tebur akwai hatimin Baba da ya buga ƙarfen yana ja, a gindin kowace tukunya kuma akwai alamar wadda ta gina ta. Kuɗin matan ma ba a kan tukwanen da suka fito lafiya kaɗai muke lissafa shi ba. Waɗanda suka fashe a wuta sun ci yumɓu da itace da kwanaki, kuma siffar da ni na zana ce wani lokaci take jawo fashewar, saboda haka asarar ta shago ce.

Yaran da ke zuwa koyon aiki yawancinsu injin walda suke hange, domin da shi ake saurin samun na kashewa. Ba ma hana su. Amma sharaɗin shagon shi ne sabon yaro zai fara zama a gindin zuga-zugi kusa da Baba, yana hura wuta yana kallon launi, kuma da rani zai bi motar da ke zuwa wajen magina ranar gashi, ya taya ɗaukar itace. Sai ya iya faɗin lokacin cire ƙarfe kafin Baba ya miƙa awartaki ake ba shi masaba.