Ku fara da babban yatsa

Ƙannena masu son kaɗa blues da yatsu a jita, ku fara horar da babban yatsan dama kafin komai. Ni da sauran yatsun na fara, don su ke fitar da zaƙin da kunne ke saurin kamawa, sai na daɗe ina kiɗan da ba mai iya buga ƙafa a kansa. Da na taɓa siririyar tsirkiya, sai babban yatsan ya tsaya cak yana jira.

Wannan salo na baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka ne, inda mutum ɗaya da jita ɗaya yakan ishi gidan rawa. Ku saurari Mississippi John Hurt, wanda ya yi faifansa na farko a 1928: za ku rantse mutum biyu ne ke kiɗa. Babban yatsansa na kai da komowa tsakanin tsirkiyoyi masu kauri ba fashi, manuniya da na tsakiya kuma suna rera waƙar a bisansa. Aikin ganga ke nan yatsa ɗaya yake yi.

Ga yadda za ku yi. Ku kama kod ɗin E (kod shi ne haɗin sautukan da ake samu ta danne tsirkiyoyi da yatsun hagu), ku bugi tsirkiya ta 6 (mafi kauri, don daga mafi siranta ake fara ƙirga), sannan ta 4, ta 6, ta 4, bugu huɗu a kowace gaɓa. A kan kod ɗin A da na B7 kuwa, ta 5 da ta 4. Ku ɗora gefen tafin hannu kaɗan a gindin tsirkiyoyin, sautin ya fito a dakushe. Kada ku ƙara komai tukuna. Ku yi ta yi a hankali, ƙafa na bugun ƙasa, har ku iya hira da wani yatsan bai ruɗe ba. Daga nan sai ku sa sauti ɗaya tak da manuniya, a lokaci guda da babban yatsa, kamar kuna mintsinin tsirkiyoyin biyu. Idan wannan ya zauna, ku koyi sa shi a tsakanin bugu biyu. Nan ne wuyar take, nan kuma blues ɗin yake.

Abu na biyu da ya ci ni shi ne ƙin ƙirga. Blues da aka fi sani gaɓa 12 ne: huɗu a E, biyu a A, biyu a E, ɗaya a B7, ɗaya a A, ɗaya a E, sai ta ƙarshe a B7 ta mayar da ku farko. Ina sauya kod ne in zuciya ta ce a sauya, har ranar da na zauna da wani makaɗi muka kasa haɗuwa ko zagaye ɗaya. Gaskiya ne tsofaffin makaɗa irin su Lightnin' Hopkins sukan ƙara gaɓa ko su rage, amma sun san inda suka baro. Ku ƙirga da baki, da ƙarfi.

Jitar ma ku duba ta. Idan tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyanta, B7 mai cin yatsu huɗu za ta gagare ku, ku ɗauka laifinku ne. Ku kai wa mai gyara ya sauke su, ya sa marasa kauri. Kan yatsun hagu zai yi zafi kafin ya yi kanta. In ciwon ya koma wuyan hannu, ku ajiye jitar ku huta.