Godiya ga duk wanda ya sa hannu har Inna ta ga Madina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi mun sauka lafiya ni da Inna, Umra ta yiwu, ziyarar Madina ma ta yiwu, Allah Ya karɓa mana. Tun muna can saƙonni ke ta shigowa ta WhatsApp da Facebook, wasu na amsa wasu kuwa wallahi ko buɗewa ban samu yi ba don hannuna kusan kullum yana kan keken Inna, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta guda ɗaya kowa ya gani, a yi haƙuri zai ɗan yi tsawo don mutanen da zan gode wa suna da yawa.

Farko dai 'yan ɗakinmu. Yaya Babba da ta kawo maganar tun bara ta ce tunda ƙafar Inna kullum ƙara nauyi take a kai ta yanzu tun tana iya zama a jirgi, ƙannena mata da suka zuba ɗaukar adashensu gaba ɗaya, da Kawu da ya fitar da bijimin da yake kiwo kasuwa bai shawarci kowa ba sai kuɗi muka gani, ga Riyal ta yi tsadar da kowa ya sani. Allah Ya mayar muku da ninkin ba ninki, Ya sa 'ya'yanku su yi muku fiye da haka.

To abin da ya fi tsaya min a rai a tafiyar nan shi ne maganar ziyara. Kamfanin da muka bi sun yi ƙoƙari wajen biza da masauki, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma ranar ziyara bas aka cika da mu, duk inda aka tsaya direba zai ce minti sha biyar, kafin in sauke keken in buɗe shi in tallabo Inna daga matakala mutane har sun fara dawowa da ledojin dabino. Haka aka zaga da mu Kuba da Uhudu da Ƙiblataini ba ta taka ƙasa ba ko sau ɗaya, kuma babu wanda ya tsaya ya ce ga abin da ya faru a nan. Da muka koma ɗaki ta ce to Alhamdulillahi ai mun gani ta taga. Ba ta ƙara komai ba, amma ni na san matar da ta haife ni, wadda tun tana yarinya take jin sunayen wuraren nan a karatun Maulidi da wa'azin azumi, ranar ban iya cin abinci ba.

A daren ne bayan Isha'i muna zaune a farfajiyar Harami wani matashi ya ji muna Hausa ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ashe ɗalibi ne ɗan ƙasarmu a Jami'ar Musulunci ta Madina. Hira ta kai mu kan ziyarar, ya yi shiru can ya ce Mama ku shirya ranar Asabar ba mu da karatu, kuma dama Asabar ce Manzon Allah (SAW) yake zuwa Kuba, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Malam, na san ba ka son a ambaci sunanka kuma ba zan ambata ba, amma ka sani Inna har yau ɗan albarkan nan take ce maka kuma kana cikin addu'arta ta kowace Asuba.

Tun a waya ya ce mu yi alwala a masauki kafin mu fito, saboda hadisin cewa ya yi wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya zo masallacin Kuba ya yi salla yana da lada kamar na Umra. Ranar bas babu wanda ya faɗa mana wannan. A hanya yake ba ta labarin yadda Annabi (SAW) ya fara sauka a Kuba lokacin hijira a shekarar 622 kafin ya shiga cikin gari, da hannunsa mai albarka aka ɗora duwatsun masallacin, shi ne masallaci na farko a Musulunci. Inna ta yi raka'a biyu a zaune, ta daɗe tana addu'a babu mai buga mata hon.

Uhudu kuwa nan ne muka fi daɗewa. Ni da a zatona dutse ɗaya ne, ashe akwai babban dutsen mai ja-ja da ya miƙe a arewacin gari, sannan ga ɗan tsauni a gabansa wanda ake kira dutsen maharba, tsakaninsu kuma maƙabartar shahidai a kewaye da katanga. Malam ya tura keken har gaban ƙarafen katangar ya tsuguna daidai kunnenta yana nuna mata da hannu, Mama ga inda Sayyidina Hamza yake, tare da shi akwai Mus'abu ɗan Umairu da Abdullahi ɗan Jahshi, sauran shahidan suna can ciki, sahabbai 70 aka rasa ranar a shekara ta 3 bayan hijira. Ya ce Musulmi 700 ne suka tsaya gaban Ƙuraishawa 3,000, Annabi (SAW) ya ɗora maharba 50 a kan ɗan tsaunin nan ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu ya ce kada su sauko ko me suka gani, da suka hango kamar an gama yaƙi yawancinsu suka sauko, sai Khalidu ɗan Walidu wanda lokacin bai musulunta ba ya zagayo da dawakai ta bayan tsaunin. Na sha jin wannan ƙissa tun ina makarantar allo amma sai da na hau tsaunin na waiga na ga hanyar da dawakan suka biyo sannan abin ya zauna min a kai.

Da ya zo kan Mus'abu ne Inna ta kasa riƙe kanta. Saurayin da a Makka babu wanda ya kai shi sa tufafi masu tsada da ƙamshin turare, ranar da ya yi shahada mayafi ɗaya aka samu, in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, har Annabi (SAW) ya ce a rufe kan a sa ciyawar izkhir a ƙafafun. Waɗanda suka san Inna sun san shekara da shekaru in an yi rasuwar mace a unguwarmu ita ake kira ta yi wanka ta yanka likkafani, sai ta kama hannun Malam tana cewa ɗan nan ko ƙyalle ɗaya ba a samu an ƙara masa ba, ko ɗaya? Tana faɗa tana kuka, shi ma ya kawar da kai yana share ido da gefen hiraminsa. Muka yi musu sallama muka yi musu addu'a. Gaskiya ina roƙon 'yan uwa masu zuwa, hoto ba laifi ba ne a wurina amma a fara yi wa bayin Allahn nan sallama tukuna, na ga mutane da yawa sun juya wa shahidai baya suna ta bidiyo har suka koma mota.

Daga nan muka biya Ƙiblataini, masallacin Banu Salima da ake danganta shi da juya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba a shekara ta 2, bayan wata 16 ko 17 ana fuskantar can. Sai gindin dutsen Sal'u inda aka yi yaƙin Handaƙ a shekara ta 5, ramin da Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa yanzu titi da gine-gine sun rufe shi, sai dai masallatai da suka rage a wurin. Muka leƙa gonar dabinon da rijiyar Ruma take ciki, wadda Sayyidina Usmanu ya saya ya yi waƙafi da ita don mutanen Madina su sha kyauta, rana ta riga ta yi zafi sai muka juya.

Direban da ya ɗauke mu ranar shi ma sai na gode masa da kyau. Bahaushe ne haifaffen Madina, ya ce kakanninsa a ƙafa suka taho ta Chadi da Sudan suna tafiya suna tsayawa noma da ƙwadago har suka tsallaka Bahar Maliya, bai taɓa zuwa Najeriya ba amma Hausa a bakinsa raɗau sai dai Larabci da ke faɗowa ciki jefi-jefi. Duk inda muka tsaya shi ke riga ni fito da keken daga but, bai taɓa duba agogo ba, kuɗin da muka yi ciniki ma sai da ya rage ya ce na Hajiya ne ta sha ruwa. Da ya ji cewa Inna ta gaji da shinkafa da burodi ba ta cin kirki, washegari sai ga kula iyalinsa ta aiko da tuwo da miyar kuka har da man shanu. Baiwar Allah ban gan ki ba ban san ki ba, Allah Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, tuwon nan shi ya dawo wa Inna da ƙarfinta.

Maƙabartar Baƙi'a ni da Malam muka shiga bayan sallar Asuba don mata ba sa shiga, Inna ta tsaya daga waje jikin katanga. Babu suna babu gini a kan kowane kabari, ƙasa ce da duwatsu sai tattabaru, in ba ka da wanda ya sani haka za ka wuce Sayyidina Usmanu da Abbas da Hasan da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) da matansa iyayen muminai ba ka sani ba, ban da Nana Khadija da ke Makka da Nana Maimuna da ke Sarif. Saƙo ɗaya Inna ta ba ni kafin in shiga, ta ce in je in yi wa Imamu Malik sallama. Marigayi Baba duk rayuwarsa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala yake biya wa mutane a zaure, ita kuma tana jiyowa daga tsakar gida, kullum Maliku ya ce Maliku ya ce. Da Malam ya nuna min wurin ya ce a nan garin ya rayu ya karantar a masallacin Annabi har ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, sai Baba ya faɗo min, shi da bai samu zuwa ba har Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa Ya haɗa su a Aljanna, duk wanda ya karanta wannan don Allah ya sa shi a addu'a.

Sai maganar Rauda, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro tun daga gida, don yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk kuma lokacin mata daban ƙofarsu daban, ni ba ni da ikon raka ta. Ɗan Yaya ne ya yi ta fama da waya daga nan gida har ya samo mata gurbi, Allah Ya yi maka albarka. Daren na tura ta har inda askarawa ke tsayar da maza na tsaya ina ta waige-waige, sai wata Hajiya 'yar Nijar, daga Damagaram ta ce take, ta dube ni ta ce ɗana kawo ta nan, uwa ai ta kowa ce. Ta karɓi keken ta shige da ita cikin taron. Na zauna ina kallon koren ƙubbar nan da Inna ta yi shekaru tana gani a kalanda da darduma, Malam ya ce min a 1837 zamanin Turkawa aka fara shafa mata koren fenti, ina zaune ina salati ina duba ƙofa har suka fito. Inna ta ce matar nan ba ta sake ta ba ko na minti ɗaya, ta kai ta har kan kafet ɗin Rauda tsakanin ɗakin Annabi (SAW) da mumbarinsa, ta tsaya a bayanta ta kare ta daga turereniya har ta idar da salla ta yi sallama ga Manzon Allah da Abubakar da Umar, ita kanta sai daga baya ta samu ta yi tata a gurguje. Na ciro abin da ke aljihuna ta ɗaure fuska ta ce kul, kafin in karɓi lambarta 'yan tawagarsu sun ja ta sun tafi. 'Yan uwanmu na Damagaram in Allah Ya sa wannan rubutu ya kai ga wadda ta tura wata tsohuwa 'yar Najeriya a keke cikin Rauda, ku ce mata ɗanta yana gaishe ta, Allah Ya sa ta sha daga tafkin Alkausara.

Akwai kuma wasu da ko yaren juna ba ma ji, yaron otal ɗan Bangaladash da ya ɗaure mana tayar keken da waya lokacin da ta kwance, mai kemis ɗin da ya auna ta cikin dare ranar da sugarta ta hau ya kwantar min da hankali, da askar ɗin da kullum in ya hango mu sai ya buɗe mana hanya. Allah Ya san su.

A gida kuma uwar 'ya'yana da ta riƙe gida da yara ita kaɗai, maƙwabta da suka riƙa leƙa su, abokan aiki da suka rufa min asiri suka ɗauke min nawa, da limaminmu da jama'ar masallaci da suka yi ta addu'a, na gode na gode, Allah Ya bar zumunci. Wanda ya ba ni saƙon addu'a na rubuta a takarda kuma na karanta su a Madina da Makka, wanda ya ce in isar masa da sallama na isar.

Masu son zuwa yi wa Inna sannu da zuwa don Allah a bari sai bayan La'asar, da safe tana shan magani ta kwanta kuma ƙafar ta ɗan kumbura saboda zaman jirgi. Zamzam jarka ɗai-ɗai aka ba mu a filin jirgi don haka kurɓi-kurɓi za a yi, dabinon ajwa kuma yana wurin Yaya Babba ita ke rabo, waɗanda ke nesa za mu ba da a kawo muku in an samu mai zuwa. Allah Ya kai duk mai niyya, Ya maimaita mana.